Awon Gareji

"...lafiya ƙalau, in ban da ganinki da sassafe, wanda ban taɓa jin ya zame wa kowa alheri ba."

"Ni ma ba don an ce a riƙa gai da tsofaffi ba, da wucewa zan yi. Ya ƙafar, Ango? Ta cire ko tana nan maƙale?"

"Tana nan. Ta rantse ba za ta bar ni ba sai ta ga ranar da za ki ƙara tsawo."

"To ashe ku biyun kuna tare har tashin duniya."

"Abin da likita ya ce ke nan."

Tela bai ɗaga kai daga wandon da yake sa wa zif ba. Jikarsa ce. Shi ya laƙaba mata Guntuwa tun tana rarrafe, sunan kuma ya bi ta har ƙofar jami'a. Ita kuwa Ango take ce masa, wai shi ne mijin da ta ajiye saboda ranar rashi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kaɗa makullin mota a yatsa, abin da ta ƙware a kai tun kafin ta iya ribas.

Garejin gidan ɗansa shi ne ɗakin Tela, shi ne shagonsa, shi ne kuma fadarsa. Da matarsa ta rasu aka ɗauko shi, ɗan nasa, wanda kowa ke kira Manaja, ya ce ya zaɓi ɗakin da yake so. Ya zaɓi gareji saboda dalili ɗaya: ƙofarsa a kan titi take. Aka yi fenti, aka sa fanka, aka ja labule a ƙurya ya ɓoye gado. Keken ɗinki ya zauna a bakin ƙofa, benci a gefensa. Kafin hantsi bencin kan cika: mai wanki, tsohon masinja, da wani mai gyaran rediyo da kunnensa ya riga rediyoyin mutuwa. A lokacin Manaja ya sha gaya wa baƙi cewa shi bai ga dalilin da mota za ta kwana a ɗaki alhali uba yana raye ba. Maganar ta yi daɗi, an kuma maimaita ta a wurare da dama. A lokacin dai ba shi da motar da ta cancanci ɗaki.

Yanzu akwai. Tana can a bakin kwata, doguwa, baƙa, mai faɗin ƙirji, irin wadda aka ƙera don mutum ya zauna a baya yana karanta jarida. Ta hannu ce. Manaja ya saya wa 'yarsa mai shekara sha takwas ranar da ta sami gurbin karatu. Dalilin da ya bayar shi ne babbar mota ta fi tsare rai in an yi karo. Dalilin da bai bayar ba wani abokin aiki ne da ke zaune a ofishin da ke kallon nasa, wanda ya saya wa ɗansa mota a watan da ya gabata.

"Ga ƙawarki can ta riga ki gaisuwa," in ji Tela, ya nuna titi da almakashi. "Tun da na buɗe ƙofa take durƙushe. Duk gidan nan ita kaɗai ta san darajata."

Gaskiya ne, a durƙushe take. Motar ba a kan sifirin take zaune ba, a kan iska take, iskar kuma takan sulale kafin gari ya waye, sai a tarar goshinta ya kusa taɓa ƙasa.

"Ba durƙuso ba ne," in ji Guntuwa. "Iska ce ke fita."

"Ni ma haka nake gaya wa mutane in abin ya same ni, ba su yi mini uzuri."

"Tir! Tsoho da kai, ba kunya."

"Kunyar na bar wa masu mota. Mazanta nawa kafin ta faɗo hannunki?"

"Mutum biyu kacal. Na farkon ma wani babban likita ne, bai cika fita da ita ba."

"Dillali ya gaya muku? Duk motar da ke hannun dillali ta likita ce, kuma bai cika fita ba. Ina mamakin yadda marasa lafiya ke samun ganinsu."

"Hassada ce ke cinka. Kai me ka taɓa tuƙawa? Shekara hamsin kana taka feda, ko bakin ƙofar nan ba ka wuce ba."

"Nawa dai bai taɓa mutuwa a tsakiyar shataletale an taru ana tura shi ba."

"Sau ɗaya ne!"

"Sau ɗaya na gani. Jiya kuma na ga ta wuce ba kowa a ciki. Har na fara addu'a, sai na hango ɗankwali ta cikin sitiyari."

"Kujerar tana ɗagawa, maɓallin ne ya lalace."

"Shi ma? To me ya rage da rai a jikinta, ban da bakin shan mai? Gaban direba fitilu ja da rawaya duk a kunne, kamar shagon mai sayar da ƙwan lantarki. Kwana biyu a wurinki, mako guda a wurin bakanike. Ki tambayi ubanki da kyau, anya ba bakaniken aka saya wa ba, ke aro yake ba ki?"

"Bakaniken ma ba irin naku ba ne na guduma. Kwamfuta yake jona mata, ta gaya masa abin da ke damunta."

"Ta yi sa'a. Ni shekara nawa ina faɗin abin da ke damuna da bakina."

Guntuwa ta yi dariya, amma gajeriya, kamar mai ita. Ta dubi makullin da ke hannunta, ta dubi silin, sannan ta ce, "Ara mini tef ɗinka na awo."

"Wa za ki auna? In kanki ne, rabin tef ya isa, in yanka miki ki tafi da shi."

"Motar zan auna."

Nan Tela ya ajiye wandon. Ya san labarin tagar da ke rufin motar, wadda ke yoyo duk lokacin da aka yi ruwa, har kujerun fata suka fara warin tsumma. Ya san an zare madubin hagu, an ɓalle tambarin da ke goshinta, ana kuma jiran wasu daga inda aka ƙera ta. Tun makon farko ya ga abin da motar ke bukata: riga. Tamfol mai kauri a waje, yadi mai laushi a ciki, roba a gindi, aljihu biyu na madubi. Ya gama ɗinka ta a kansa tuni. Bai ce komai ba ne don ba a tambaye shi ba, kuma ya daɗe da lura cewa a gidan nan shawarar da ba a nema ba ana jin ta kamar tari. Yau ga shi an aiko.

Ya zaro tef ɗin daga wuyansa, ya ɗauki allin awo, ya miƙe da ƙyar.

"Ba na ba da aron tef. Mu je. Ke in aka bar ki za ki auno mini tsawon akuya."

Suka fita titi. Ta riƙe bakin tef a wutsiyar motar, shi yana ja, yana ɗiga alli a gefen kwata duk inda tef ya ƙare, ita kuma ta matso da bakinta kan ɗigon.

"Na auna masu tumbi, na auna masu ƙusumbi," in ji shi, "ban taɓa auna bazawara a durƙushe ba."

"Ka yi a hankali, fentinta ya fi keken ɗinkinka tsada."

"Ya fi ki ma. Ɗaga hannu. Ke, ba a riƙe tef kamar wutsiyar ɓera. Tsawon tef uku da rabi. Yanzu faɗi, sannan tsayi. Za ta ci yadi, amma zan yi mata aljihun madubi har biyu, ko da yake ɗaya gare ta. Mutum ba ya yanke ƙauna."

"Ba sai an auna tsayi ba."

"Rigar a ƙasa za ki shimfiɗa mata?"

Guntuwa ta naɗe tef ɗin a yatsunta biyu, ta warware, ta sake naɗewa.

"Abba ya ce riga tana goge fenti. Kuma ba ta hana ɓarawo." Ta yi murmushi, irin wanda ake shiryawa tun daga ɗaki. "Saura fadarka, ranka ya daɗe. Mu ga ko kai da ita wa ya fi tsawon rabo."

Tela ya tsaya da allin a hannu. Wata babbar mota ta wuce ta watsa musu ƙura, bai ko kau da kai ba. Ya dubi baƙar motar, ya dubi ƙofar garejin a buɗe, da kekensa, da bencin da ba kowa tukuna. A rayuwarsa ya auna mutane da yawa waɗanda ba su san abin da ake auna su dominsa ba. Bai taɓa riƙe wa wani tef ana auna shi ba sai yau.

"Au," ya ce. "Ashe saki kika kawo mini."

"Wane saki? Ƙarin girma ne. Ɗakin baya za a ba ka, na kusa da tankin ruwa. An sa tayil. Banɗaki a ciki, ba sai ka riƙa zagayawa da buta ba."

"Tagarsa me take kallo?"

"Katanga. Amma an yi mata fenti."

"Madalla. Katangar tana amsa gaisuwa?"

"Har da na'urar sanyaya ɗaki, Ango."

"Na san inda ake sanyaya mutum a rufe ƙofa. Ba a kai shi da ƙafarsa."

"Kai dai bakinka ba ya faɗin alheri. Abokanka ai za su iya shigowa."

"Ta falon uwarki? Mai wanki da ƙafafunsa? Ranar da ya taka mata kafet sai an kira wa kafet ɗin bakanike mai kwamfuta." Ya juya ya nufi ciki. "Zo mu auna. Aikin da aka aiko ki ke nan, kada a ce mijinki ya hana ki biyayya."

Daga bangon ƙurya suka fara. Sai da ta yaye labulen, ta ja akwatin ƙarfe gefe, ta kwanta rubda ciki ta shiga ƙarƙashin gado da bakin tef.

"Me ka tara a nan? Takalma ƙafa ɗai-ɗai, gwangwanin maɓallai... wannan kuma mene ne?"

"Gadonki ne. Kada ki taɓa kafin lokaci."

"Na yafe wa mabukata."

Ya durƙusa a kan gwiwar mai lafiyar, ya ja tef. Inda tef ɗin ya ƙare ya gani sarai, idonsa bai mutu ba. Allin ne ya sauka taki guda gaba da wurin. Ta fito tana kakkaɓe yana, ta ɗora bakin tef a kan ɗigon. Ya sake ja, allin ya sake yin gaba. Hannunsa bai yi rawa ba. Tela ne, kuma babu telan da ya tsufa bai san yadda ake sa yadi ya kasa ba.

Suka iso bakin ƙofa.

"Uku da taki biyu," ya ce, ya dafa keke ya miƙe. "Kash. Ba ta shiga. Hancinta a waje zai kwana, ƙofa ba za ta rufu ba. Wallahi na so in taimaka. Ki gai da ubanki, ki ce gini ne ya ƙi."

Guntuwa ta zauna a kan benci. Ta daɗe tana kallon ɗige-ɗigen allin a kan siminti.

"Ango."

"Na'am, uwargida."

"A ɗakin nan na koyi riƙe tef. Allinka tsalle yake yi."

"Tsufa ne. Hannu na rawa."

"Rawar gaba kawai yake yi, ba ya yin baya?"

"Kowa da irin ciwonsa."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa tef ɗin.

"Shi ke nan. Uku da taki biyu. Haka zan faɗa."

Ya karɓa ya rataya a wuya. Ya ci nasara, kuma nasarar ta zo da sauƙin da bai yarda da shi ba. Ya zauna a kujerar keke, ya dube ta ta saman tabarau.

"In kin faɗa, sai me?"

"Sai ya kira magini."

"Ya yi me?"

"Ya zo da tef ɗinsa na ƙarfe. Abba ya ce in ba ta shiga ba, a duba ko za a fasa bangon ƙurya a ƙara." Ta waiwayi motar. "Ya ce ko ta wane hali motar ba za ta ƙara kwana a titi ba. Abin da aka kashe mata ya yi yawa a bar ta ta lalace."

"To me ya sa bai aiko maginin tun farko ba, ya hutar da gwiwata?"

Ta kau da kai ta dubi titi.

"Ke nake tambaya, Guntuwa."

"Ya ce shi ba zai iya kallon idonka ya faɗa ba. Mama ta ce ita suruka ce, ba huruminta ba ne. Sai suka ce ni in zo, tunda ni ko me na faɗa maka dariya kake yi." Ta murza makullin a tafin hannunta. "Mama ta ce in yi ta da wasa-da-wasa. Har gwaji ta sa na yi a kicin."

"Ƙarin girman nan nata ne ko naki?"

"Nata ne. Tayil ɗin na Abba."

"Na ji alama. Naki ya fi wannan gishiri."

Tela ya shafa tef ɗin da ke wuyansa. Shekara goma sha takwas suna zagin juna shi da yarinyar nan, bai taɓa tunanin akwai masu zaune suna lissafin amfanin da za a ci da abin ba. Ashe ajiya ce aka yi. Mutanen da suka yi karatu ba sa barin komai ya tafi a banza.

"Ni fa ban ce ina son ta ba," in ji Guntuwa, muryarta ta yi ƙasa. "Ƙarama na ce, wadda zan ga gabana. Wannan tsoronta nake ji. A makaranta motar ɗaukar gawa suke ce mata. In na shiga lungu sai na yi ta addu'a kada wani ya taho."

"Kin gaya wa ubanki?"

"Ta yaya? Yana tsaye yana shafa ta yana cewa ya fitar da ni kunya?"

"Ni kin iya ce mini tsohon banza."

"Kai ai daban ne."

"Haka ne. Ni ma ke na iya ce wa guntuwar banza. Shi kuwa tun da ya fara ɗaura taye a wuya nake ce masa to." Ya yi tsaki. "Gida guda, masu baki biyu, duk a kan juna muka ƙarar."

Ya yi tunanin maginin. Zai zo da tef mai shiga gidansa da kansa, ya yi sallama sama-sama, ya ce, Baba ɗan matsa. Zai ja gadon ba tare da ya tambayi na wane ne ba. Zai faɗi lambar gaskiya da ƙarfi a gaban mai wanki da tsohon masinja, a kuma gane cewa tsoho ya yi wa jikarsa ƙarya da alli. Ƙofar dai ta tafi ko ta wace hanya. Abin da ya rage masa ya zaɓa shi ne wanda zai fitar da shi.

A bangon hagu akwai wata 'yar ƙofa da ke shiga cikin gida. Tela ya kai ido ƙasanta, inda haske ke shigowa. Hasken ya rabu uku. Takalma ne guda biyu, baƙaƙe, sun sha gogewa, suna tsaye cik ba motsi.

Ya sa hannu a aljihun ciki, ya ciro makullin kwaɗon garejin, wanda ke ɗaure da wani ƙyalle ja. Ya ɗaga murya yadda za ta ratsa katako.

"Ke Guntuwa! Kin kama ni. Huɗu ne saura kaɗan. Za ta shiga har ta yi juyi in ta ga dama. Ungo, kai wa bazawarar, ki ce angonki ya bar mata ɗaki. Ki gaya mata fankar sai an tura ta da sanda, kuma in ta ji ana sallama da safe ta amsa, mutanen kirki ne."

Ya cusa mata makullin a hannu ya rufe yatsunta a kai. Idonta ya kawo ruwa.

"Ango, ni ban..."

"Yi dariya," ya ce a hankali.

"Ba ta zo mini ba."

"Ni ma ba ta zo ba. Yi dai. Ana tsaye ana jira, kada mutum ya makara."

Ta bi idonsa zuwa ƙasan ƙofar. Ta goge fuska da bakin ɗankwali, ta ja numfashi.

"Tsohon banza!" ta ce da ƙarfi. "Dama haya kake ba ka biya!"

Tela ya kwashe da dariya, babba, mai tari a ƙarshenta, har yana dukan teburin keke. Ita ma ta taya shi iyakar iyawarta. Suka yi ta yi har sai da abin ya isa a gamsu.

Takalman suka juya, suka tafi ofis da kwanciyar hankali.